Is'haƙa Wanzami da Jinin Falke

Duk wanda ya san kasuwar Sabon Birni ya san gindin dogonyaron nan da ke bayan 'yan hatsi, inda Is'haƙa Wanzami yake shimfiɗa tabarmarsa. Siririn dattijo ne mai ɗan ranƙwafawa, da wata zabirar fata da ta girmi rabin samarin kasuwar. Mutumin Gatawa ne. Can aka haife shi, can ya gaji aska a hannun ubansa, kuma da 'yan bindiga ba su hana mutane sakat ba, da can zai tsufa. Da abin ya yi yawa ya kwaso iyalinsa ya shigo gari, ya bar gona da rumbuna, ya kama wani ɗan gida mai zaure ɗaya.

A zamanin ubansa, wanzami mutum ne. Ba a suna sai da shi, ba a kaciya sai da shi, shi ke zana wa ɗan Gobir tsagen gidansu a kumatu. Is'haƙa ya tarar da ƙarshen wannan daraja, kuma a kan idonsa ta riƙa zubewa. Tsage aka fara bari. Kaciya ta koma asibiti. Sai ga yara sun buɗe shaguna da injin aski da janareta da ƙaton madubi, suna yi wa mutane wani aski da in ka gani sai ka rantse ɓera ne ya ci kan. Abin da ya rage masa shi ne askin tsofaffi, da askin jarirai ranar suna, da ƙaho. To, a ƙaho kam ba a haɗa shi da kowa. Daga Isa ake zuwa, daga Tozai ake zuwa. Zai kafa ƙahon a bayan mutum ya tsotsa har fata ta taso, ya cire, ya tsattsaga wurin da bakin aska, ya mayar ya sake tsotsa ya toshe. In an jima ya ɓamɓare, sai ga baƙin jini ya daskare a ciki, ya juye shi a ƙasa a gaban mai shi ya ce, "Ga abin da ke damunka nan."

Cikin duk masu zuwa, babu kamar Kalilu. Ɗan gwaggonsa ne, taubashinsa, tare aka yaye su, kuma tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da an zagi juna ba. Kalilu ɗan kasuwa ne, yana kai wake da barkono Maraɗi ya dawo da dabino da aya da kanwa. Ƙato ne mai murya, ya san kowane ɗan duwan, wato ɗan kwastan, na bakin iyaka da sunan uwarsa. Is'haƙa yana ce masa Falke, shi kuma yana ce masa Wanzam. Kowace ranar kasuwa Falke zai zo ya zube a tabarma ya cire hula, kowace bazara kuma, kafin ruwan farko ya sauka, zai tuɓe riga a kafa masa ƙaho a kafaɗu. Tun yana saurayi haka yake yi, bai taɓa tsallake shekara ba. Yakan ce in ba a cire masa jinin bara ba, ba ya iya ɗaukar kayan bana.

Bayan girbin bara ne ciwo ya kama Kalilu a hanyarsa ta dawowa daga Maraɗi. Ƙirji ya riƙe, zufa ta karyo, hannun hagu ya mutu. Babban ɗansa Abdulrauf, wanda yake koyarwa a wata makaranta a Isa, shi ya kwashe shi zuwa Sakkwato, daga can aka ce sai Abuja. Dangi suka haɗa kai, aka sayar da shanun gida. Is'haƙa bai iya binsu ba. Kullum yana ƙofar gidan Kalilu yana tambayar matarsa Khadijatu ko an yi waya, har ta fara jin tausayinsa fiye da kanta.

Allah ya sa da sauran kwana. Kalilu ya dawo da ƙafarsa, ya rame, amma bakin nan yana nan yadda yake. Abdulrauf ya yi wa masu zuwa dubiya bayani: wata jijiyar zuciya ce ta toshe, likitoci suka zura wata 'yar waya mai kama da raga ta jijiyar hannu har can ciki, suka buɗe hanyar, suka bar wayar a ciki ta tokare. Mutanen gari ba su tsaya wannan dogon zance ba, suka ce an sa wa Kalilu ƙarfe a zuciya.

"To, Falke," in ji Is'haƙa, yana share ido da bakin riga wai ƙura ce ta shiga, "yanzu kai da tsohuwar motar taka duk ɗaya. Kowa an yi mai walda."

"Ni an gyara ni," in ji Kalilu. "Kai wa za ya gyara ka?"

An haɗo shi da magunguna, cikinsu akwai ƙwayoyi biyu da likita ya ja kunne a kansu: kullum, ba fashi, har sai shi da kansa ya ce a bari. Ya kuma ce kada a cire masa haƙori, kada a yi masa ƙaho ko wata tsaga, sai an tambaya. Amma Abdulrauf aka yi wa bayanin, da Turanci, shi kuwa mai ciwon yana kwance yana kallon silin. Abin da ya iso kunnen Kalilu shi ne "kada ka bari." Dalilin bai iso ba. Khadijatu ta karɓi aikin, kowace safiya ta ɓare ƙwayoyin ta zuba masa a tafin hannu ta miƙa masa ruwa. An ce ya riƙa komawa Sakkwato ana duba shi, ya je sau ɗaya, aka tare motar da ke gabansu a hanya aka kwashe mutane. Daga nan ya ce shi kam ya warke, ba zai kai kansa ga 'yan daji don a auna shi ba. Wa zai ga laifinsa?

Is'haƙa ne ya fara lura da jinin. Wata ranar kasuwa yana yi masa aski, aska ta ɗan taɓa wani ƙurji a ƙeya, abin da ko yaro ba zai ce wash ba. Ya danna auduga, ya ɗaga, jini na zuwa. Ya sake dannawa, ya gama askin, ya gyara gemu, ya duba, har yanzu yana tsattsafowa, ja-wur, tsararo, ya ɓata wuyan riga. Is'haƙa ya kama hannun Kalilu ya juya, sai ga tabo-tabo baƙaƙe a dantse, inda bai ma san ya bugu ba.

"Falke, jinin ga naka ya tsinke. Ruwa na."

"Maganin Abuja na. Yaro ya ce haka shika yi."

"Wane irin magani ad da za ya mai da jinin namiji ruwa?"

A sanin Is'haƙa, kuma sani ne na wanda ya tsufa yana kallon jinin mutane, jinin mai lafiya yana da jiki, yana tsayawa da kansa. Wanda jininsa ya ƙi tsayawa, to ana cin sa ta ciki. Ya ga irinsu, ya kuma raka su makwanci. Tun daga ranar, in zai yi wa Kalilu aski sai ya yi bisimilla sau biyu, yana lallaɓa askar kamar kan jariri.

Bazara ta shigo da zafinta. Kalilu ya koma harkarsa, yana aika kaya yana karɓa, amma ya fara ƙorafin nauyin kafaɗu da ciwon kai da kasala. Shi a wurinsa ba wani abin tambaya ba ne, lokacin ƙaho ne ya yi. Ya zo gindin dogonyaro ya faɗi abin da ke tafe da shi. Is'haƙa ya ce ba zai yi ba.

"Ba ni tsaga ka da jinin ga. In na buɗe, wa za ya rufe?"

"Ko dai hannu ya fara rawa, Wanzam? Ka hwaɗa min gaskiya, ba ni gaya ma kowa."

"Uwaka ta fara rawa."

"Gwaggonka dai. To ji nan, in ba ka yi, za ni Tozai wurin Ɗanmusa. Shi bai da tsoro."

Wannan magana ta tsaya wa Is'haƙa a rai. Ɗanmusa wanzami ne mai nauyin hannu, tsagarsa zurfi gare ta, kuma ba ya tambayar kowa komai. Is'haƙa ya san halin taubashinsa, in ya ce zai je, to zai je. Ya hango shi kwance a wani zaure a Tozai jini na bin tabarma, ba asibiti kusa, ba hanya mai aminci. Akwai kuma ɗan kishi, kada a ɓoye. Mutum ɗaya da bai taɓa kai bayansa ga wani ba, yau a ce ya kai wa Ɗanmusa? Ya yi ta juya abin har aka kira azahar, sannan ya faɗi maganar da ya ga ita ce mafi sauƙi.

"Ka ɗan huta da ƙwayoyin ga. In jini ya koma jikinshi, ka zo in yi ma. In tsaga ta warke ka koma ma abinka."

"Haka za a yi," in ji Kalilu. "Amma kada yaro ya ji, kada Khadijatu ta ji."

Wallahi da so Is'haƙa ya ba da wannan shawara. Babu wanda ya taɓa zaunar da waɗannan tsofaffi biyu ya ce musu jini yana ganin wayar nan baƙuwa ce, yana neman ya taru a kanta ya daskare, kuma tsinkewar da suke tsoro ita ce ke riƙe da ran Kalilu har nama ya gama rufe wayar. Su abin da suka sani, magani ana shan sa ne in ana ciwo, in an ɗan huta da shi kuma ba a mutuwa. Daga washegari Kalilu ya riƙa karɓar ƙwayoyin a tafin hannu, ya kai baki, ya kurɓi ruwa, biyun nan kuwa suna maƙale tsakanin yatsunsa. In ya fita sai ya watsa su a kwata.

Da aka kwana biyu ya zo aski, Is'haƙa ya ɗan taɓa shi da gangan a bayan kunne. Ɗigo ɗaya ya fito ya tsaya. Suka dubi juna suka yi dariya kamar yaran da suka saci mangwaro. Washegari da hantsi Kalilu ya zo zauren Is'haƙa, aka saki labule, ya tuɓe riga. Is'haƙa ya kafa masa ƙaho a kafaɗu da tsakiyar baya, ya yi tsagar nan tasa marar zurfi, a jere, kyakkyawa. Da ya ɓamɓare ƙahon farko ya juye, sai ga guda baƙi ƙirin ya faɗo yana rawa.

"Ka gani? Wanga abu kake yawo da shi."

"Allah shi yi ma albarka, Wanzam. Wallahi har na ji iska na shiga ta."

Ranar Is'haƙa ya yi farin ciki irin wanda ya daɗe bai yi ba. Ya ga ya ceci ɗan'uwansa daga Ɗanmusa, ya kuma cire masa ciwo da hannunsa. Ya tuna masa ya koma wa ƙwayoyi in tsagar ta bushe. Kalilu ya ce to. Amma jiki ya yi masa daɗi, tabon dantse ya ɓace, dasashi ya bar jini in ya yi asuwaki, sai ya riƙa cewa gobe.

Ranar kasuwar da ta biyo, da hantsi, Is'haƙa na wasa aska sai ya ji hayaniya daga wajen 'yan wake. Wani ya rugo ya ce Kalilu ya faɗi. Ya tarar da shi a jingine da buhu, fuska ta yi toka-toka, riga ta jiƙe sharkaf, hannu dafe da ƙirji. Aka sa shi a Keke Napep zuwa asibitin gari. Is'haƙa ya bi su da gudu, ya bar zabira a buɗe a kan tabarma, abin da bai taɓa yi ba.

Kafin azahar Abdulrauf ya iso daga Isa a kan babur, Khadijatu ma ta zo da mayafi a karkace. Likitan, wani matashi mai sanyin murya, ya yi abin da zai iya da abin da yake da shi. Ya ce ga alama jini ne ya daskare a kan wayar ya toshe hanyar gaba ɗaya, kuma aikin ya fi ƙarfin nan, sai an fita da shi. Aka tafi neman mota da direban da zai yarda ya bi hanyar. Sai likitan ya tambaya ko yana shan ƙwayoyinsa.

"Kullum," in ji Khadijatu. "Da hannuna nike ba shi."

Kalilu ya buɗe ido. "Na bari," ya ce. "Zubarwa nike."

Khadijatu ta dafe kai ta zauna a ƙasa. Abdulrauf ya sunkuya a kan gadon.

"Baba, don mi? Wa ya ce ka bari?"

Is'haƙa yana tsaye a bakin ƙofa. Tun da likitan ya ce jini ya daskare, ya fahimci zancen sarai, ya fi kowa a ɗakin sanin daskararren jini. Ya taka ɗaya, ya buɗe baki. Kalilu ya kafa masa ido, irin kallon da yake yi masa tun suna yara in ana tambayar wa ya yi ɓarna.

"Ba kowa," in ji Kalilu. "Gajiya na yi da su. Wanzam, ka fita ka ba mutane iska, ka tsaya kamar wanda aka aiko."

Is'haƙa ya fita. Ya zauna a dakalin asibiti, hannuwansa a cinya, bai san me ake cewa a gefensa ba. Can aka ce Kalilu na kiransa. Ya shiga ya tarar numfashi ya yi nisa. Kalilu ya riƙe hannun ɗansa, yana magana ana sa kunne.

"In ta Allah ta kasance, kada kowa ya wanke ni sai Is'haƙa. Ka ji? Shi kaɗai."

Motar ta iso, amma ba a kai ga ɗaukarsa ba. Ya cika kafin la'asar, da kalmar shahada a bakinsa.

Aka kai shi gida, aka share wani ɗaki a bayan gida, aka kawo ruwa da ganyen magarya. Mutane suka yi ta cewa Allahu akbar, dubi zumunci, har a bakin mutuwa taubashinsa yake nema. Is'haƙa ya naɗe hannun riga ya shiga. Amma gawa ba ta wankuwa da mutum ɗaya, balle ƙato irin Kalilu, balle tsoho irin Is'haƙa. Liman ya ce dole a samu mai zuba ruwa da mai tayawa juyi, kuma babu wanda ya fi cancanta sai babban ɗa. Abdulrauf ya shigo ya ja ƙofa.

Is'haƙa ya rufa masa zane daga cibiya zuwa gwiwa. Ya yi masa alwala, ya wanke kan da ya aske da hannunsa, ya wanke gemun. Abdulrauf na zuba ruwa a hankali. Aka zo juyi. Suka kama kafaɗa tare suka mirgina shi gefe, bayan ya fito fili.

Ga su nan. Da'ira-da'ira a kafaɗu da tsakiyar baya, kowace da 'yan tsage a jere, ɓawon bai gama faɗuwa ba. A duk ƙasar nan babu wanda zai ga wannan aiki bai san hannun wa ba. Nan take Is'haƙa ya gane abin da wasiyyar take nufi. Falke, yana fama da ransa, lissafin da yake yi shi ne kada wani ido ya ga bayansa a zo ana nuna Wanzam da yatsa a kasuwa. Ya kasa ɗaga soson.

Abdulrauf ya tsaya da butar a hannu. Shi aka yi wa bayani a Abuja, shi aka ce wa kada a yi ƙaho. Ya daɗe yana kallon bayan ubansa. Ya ɗago ya dubi tsohon, idonsa ya kaɗa ya yi ja, jijiyar wuyansa ta tashi. Is'haƙa bai kau da kai ba.

"Abdulrauf," ya ce, "ni na..."

"Baba Is'haƙa." Yaron ya katse shi. "Mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani. Mai zuba ruwa ma haka. Shi ya zaɓe ka, kuma ya san abin da yake yi."

Ya karkata butar, ruwa ya gangaro a kan tsagen.

"Wanke shi, Baba. Mutane na jira."

Is'haƙa ya sa hannu ya wanke, hawaye na ɗiga a kan bayan. Suka mirgina shi ɗaya gefen, suka gama, suka sa masa likkafani, suka ɗaure. Sannan Abdulrauf ya buɗe ƙofa ya ce a shigo da makara.